Masu Warware Saƙar Inji

Ranar Alhamis, 17 ga Disamba 2015, kamfanin Juniper Networks da ke garin Sunnyvale a jihar Kalifoniya ya fitar da wata gajeriyar sanarwa da ta hana masu gadin kwamfutoci barci a ƙasashe da dama. Ya ce yana cikin bitar manhajarsa mai suna ScreenOS sai ya ci karo da rubutun da ba da izininsa aka sa ba. Illa biyu ya ambata. Ta farko, mutum zai iya shiga na'urar daga nesa ya zama shi ne mai gida. Ta biyu, wanda ya san sirrin zai iya kwance saƙonnin da aka kulle masu ratsawa ta cikinta. Ya ce ga faci nan, kowa ya hanzarta ya liƙa. Daga nan ya ja bakinsa ya tsuke. Bai nuna layin da aka taɓa ba, bai faɗi yadda aka yi ba, balle ya ambaci wanda ya yi.

Abin da ya faru cikin 'yan kwanakin da suka biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wasu 'yan tsirarun mutane a Holan da Jamus da Amurka, ba ma'aikatan kamfanin ba, ba kuma wanda ya aike su, suka ɗauko tsohuwar manhajar da sabuwa suka jera, suka feɗe biri har wutsiya. Sana'arsu ita ce karanta abin da inji ke yi ba tare da an ba su rubutun wanda ya ƙera shi ba. Ni dai warware saƙa nake ce mata, kuma a duk harkar kwamfuta ita ce sana'ar da na fi ganin girman masu ita, saboda haƙuri da kaifin idon da take ci.

Kafin a gane girman aikin sai an san na'urar. Sunanta NetScreen, kuma Juniper ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a 2004. Akwatin ƙarfe ne, wani bai fi babban littafi ba, wani ya kai durowar tebur, ana girke shi daidai inda wayar intanet ta shigo ma'aikata. Masu aikin, fayawol suke ce masa. Matsayinsa na zaure ne da mai gadi a haɗe: duk mai shiga da mai fita ta nan zai bi, shi ke cewa wannan ya wuce, wancan ya koma. Shi ne kuma ke shimfiɗa hanyar sirrin nan da ake kira VPN, wadda reshen banki ke magana da hedikwata ta cikinta, ko ofishin jakadanci da ma'aikatar harkokin waje, ba tare da na kan hanya ya ji abin da ake faɗa ba. Wanda ya yi kutse a wayar mutum ɗaya, mutum ɗaya yake sauraro. Wanda ya mallake zaure kuwa ya ji hirar gidan duka. Ga shi akwatin ba shi da allon kallo, ba a sa masa rigakafin bairos, yana can cikin ɗaki mai sanyi yana ƙyafta 'yan fitilunsa shekara da shekaru. Muddin intanet na tafiya ba mai waiwayarsa.

Hukumomin leƙen asiri sun daɗe da gane haka. A ƙarshen Disamba 2013 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta buga wani kundin kayan aiki na hukumar NSA ta Amurka, kamar na mai kanti, kowane kaya da sunansa da bayaninsa. A ciki akwai FEEDTROUGH, wanda aka yi musamman don NetScreen, aikinsa ya maƙale a na'urar ta yadda ko an kashe ta an kunna, ko an sabunta manhajarta, yana nan daram. Akwai irinsa na Cisco, akwai na Huawei. A 2014 ɗan jarida Glenn Greenwald ya fito da hotunan ma'aikatan hukumar suna buɗe kwalin na'urar Cisco da aka tare a hanya kafin ta isa ga mai ita, har abin ya kai shugaban Cisco na lokacin, John Chambers, ya rubuta wa Shugaba Obama takardar koke. Saboda haka da Juniper ya yi sanarwarsa, ba wanda ya ɗauke ta wasan yara.

Mai rubuta manhaja da yaren da ɗan'adam zai iya bi yake rubutu. Yana raɗa wa kowane sashe suna: wannan shi ke tantance mai shiga, wannan shi ke ƙirga kuskure. Yana barin 'yan bayanai a gefe don wanda zai gaje shi. Amma kafin a zuba manhajar a na'ura sai an niƙa ta, an mayar da ita harshen inji, wato jerin lambobi zalla. A wurin niƙan ne sunaye kan zube, bayanan gefe su ɓace. Abin da mai saye ke samu gari ne, zangarniyar tana rumbun kamfani, kuma Juniper bai buɗe wa jama'a rumbunsa ba. Duk mai son sanin abin da ke cikin ScreenOS, daga garin zai faro.

A nan nakan tuna masu ɗinkin hannu na babbar riga. Ka miƙa wa gwani riga mai aska takwas da wani ya ɗinka shekaru da suka wuce, ba zai tsaya a fuskarta ba. Juya ta zai yi ya dubi bayanta, ya bi zare ya ga inda allura ta shiga da inda ta ɓullo, inda aka ƙulla, inda zare ya ƙare aka ɗora wani. In wani hannu dabam ya taɓa wuri guda zai gane, ko da launin zaren ɗaya ne, don tazarar ɗinkin ta saɓa.

Haka mai warware manhaja yake. Da farko sai ya kwance ƙunshin, domin manhajar na'ura a matse take zuwa, a naɗe. Akwai wata 'yar manhaja mai suna binwalk da ke taimakawa wajen gano inda kowane ƙulli ya fara. Sannan ya tantance irin ƙwaƙwalwar da na'urar ke aiki da ita, don kowace da karin harshenta, kuma ƙananan NetScreen da manyansu ba harshe ɗaya suke ji ba. Daga nan ya zuba lambobin a manhajar da ke mayar da su umarni ɗaiɗai. Wadda ta fi shahara ita ce IDA, ta Ilfak Guilfanov. Abin da za ta baje masa layuka ne dubu ɗaruruwa, kowanne yana faɗin abu ɗan ƙanƙani: ɗauko wannan, aje a can, gwada da wancan, in sun yi daidai tsallaka zuwa wuri kaza. Sassan da suke da suna a wurin mai rubutu, yanzu lambar adireshi ce kawai a kansu. Shi zai zauna ya riƙa lura. Wannan sashen ana kiransa daga wurare barkatai, yana karɓar kalma biyu yana bin su harafi-harafi, to mai gwada kalmomi ne. Ya raɗa masa suna. Wancan yana rubutu a rajista. Ya raɗa masa suna. Sannu a hankali birnin da ba shi da ko alamar titi ya fara samun unguwanni, har mutum ya soma gane hanyar kasuwa da ta gidan sarki.

Faci kuwa, a wurin irin waɗannan mutane, taswira ce. Kamfani ba zai iya toshe rami ba tare da ya nuna inda ramin yake ba. In kana da manhajar jiya da ta yau, bambancin da ke tsakaninsu shi ne ramin. A baki da sauƙi. Wahalar ita ce in aka cire layi ɗaya, duk abin da ke ƙasansa sai ya gusa, adireshi dubbai su canza, gwajin lamba da lamba ya nuna maka kamar komai ya sauya. Don haka gwanaye siffa suke gwadawa: sashen nan rassansa nawa, wa yake kira, wa ke kiransa. Wani Bajamushe, Thomas Dullien, shi da abokan aikinsa sun ƙera manhaja sukutum mai suna BinDiff saboda wannan aiki kaɗai. Amma manhaja iyakarta ta ce maka nan ya bambanta. Ko gyaran yau da kullum ne, ko sawun ɓarawo, wannan hukunci sai mutum.

Kamfanin Fox-IT da ke garin Delft a Holan ne ya fara cewa ya gano illar farko. Ronald Prins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya ce awa shida ta ɗauki mutanensa. Ba su bayyana abin da suka gani ba, sai dai suka raba wa masu gadi dabarar gane in wani na gwada shiga ta nan. Ranar Lahadi, 20 ga wata, HD Moore na kamfanin Rapid7 a Amurka ya bi sawun da kansa ya baje komai a faifai. Abin da aka dasa kalmar sirri ce, mabuɗi guda mai buɗe kowace na'ura mai ɗauke da wannan manhaja a duk inda take a duniya. Ga ta:

<<< %s(un='%s') = %u

Mai karatu zai ce wannan ai tarkace ne, kuma nan wayon yake. Masu rubuta manhaja suna barin irin waɗannan layuka birjik a cikin aikinsu. Kamar fom ne da ba a cike ba: inda aka sa %s inji zai cusa suna, inda aka sa %u ya cusa lamba, ya rubuta a rajista don injiniya ya san inda aiki ya tsaya in matsala ta taso. ScreenOS cike take da irinsu. Wanda ya dasa wannan ya san gidan ciki da bai, ya ɗinka wa kurarsa fatar akuya daidai da ta sauran garken. In ka jero duk kalmomin da ke cikin manhajar kana dubawa, za ka wuce ta ko a jikinka.

Abin da ya tona mata asiri shi ne inda aka kai ta. Irin wannan layi wurin mai rubutu a rajista ake miƙa shi. Wannan kuwa an miƙa shi ga mai gwada kalmomi, a tsakiyar sashen da ke tantance mai shiga, ana gwada shi da abin da baƙo ya buga a gurbin kalmar sirri. In sun yi daidai, a tsallake sauran tambayoyi a buɗe ƙofa. Moore ya zaɓi manhajar ƙaramar na'ura, domin ita ce tsohuwarta da sabuwarta suka fi sauƙin jerawa. Ya fara gano mai gwada kalmomi, ya gano sashen tantancewa ta hanyar sunansa da ya rage a cikin irin layukan rajistar nan, sai ya tarar akwai kira ɗaya a tsohuwar manhaja wanda babu shi a sabuwa. Shi ke nan. Tarbiyyar sana'ar ke nan gaba ɗaya: ba a yarda da kamannin abu, ana bin sa ne a ga gidan da zai shiga.

Moore ya duba manhajar Shodan mai ƙidayar na'urorin da ke jone da intanet, ya ce kusan NetScreen 26,000 ne ƙofar shigarsu ke fuskantar waje. Cikin 'yan kwanaki aka fara ganin masu buga kalmar suna neman sa'a, kuma an yi ta muhawara ko ya dace ya bayyana ta. A ganina ya dace. Abin da ya ɗauki Fox-IT awa shida ba zai ɗauki wata hukumar leƙen asiri ko gungun 'yan damfara mako ba. Da an yi shiru, masu gadi ne kaɗai za a bari cikin duhu, su da ya kamata su koma su binciki rajistarsu su ga ko an taɓa shigo musu.

Illa ta biyu ita ta fi burge ni, domin a nan ba a ƙara ko layi ɗaya na umarni ba. Da aka jera manhajojin, abin da ya canza wata doguwar lamba ce, tare da amsar gwajin da na'urar ke yi wa kanta a kan lambar, don kada ta yi ƙorafi. A 2012 wani ya cire lambar da Juniper ya sa ya maye da tasa, facin 2015 kuma ya mayar da ta asali. Mutum na iya kallon wannan ya ce to sai me. Masana suka dubi lambobin da ke maƙwabtaka da ita suka gane su: ma'aunan wani sanannen lanƙwasasshen layin lissafi ne da ake kira P-256. Ralf-Philipp Weinmann, wani Bajamushe da ya haɗa ilimin lissafin sirri da warware saƙa, ya bi zaren ya ga inda ake amfani da su. Sai ga shi tsundum a cikin wani abu mai suna Dual EC.

Duk kullen saƙo a kan ƙuri'a yake tsaye. Duk lokacin da na'urori biyu za su yi magana a asirce, kowacce sai ta zaro wasu lambobi da ba mai iya cankarsu, da su ake yanka mabuɗin wannan zaman. In abokin gaba zai iya cankar abin da ƙuri'ar za ta fitar, ƙarfin kwado ya tashi a banza, domin shi ma zai yanka mabuɗi irin naka. Dual EC injin jefa ƙuri'a ne da hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta sa cikin ƙa'idojinta a 2006. Yana aiki da tsayayyun lambobi biyu, P da Q. A Agustan 2007, a taron masana lissafin sirri da ake yi duk shekara a Santa Barbara, ma'aikatan Microsoft biyu, Dan Shumow da Niels Ferguson, suka tashi cikin 'yan mintuna suka nuna wani abu. Duk wanda ya zaɓi Q da kansa zai iya ɓoye wata lamba ta uku a aljihunsa, wadda ke haɗa P da Q. Mai wannan lamba, in ya ga kimanin bayit 30 na abin da injin ya fitar, zai iya lissafo abin da ke cikin cikinsa, daga nan ya san duk ƙuri'ar da zai jefa nan gaba. Wanda ba shi da ita kuwa, ko ya san akwai ta, ba zai iya lissafo ta ba. Ɓarauniyar ƙofa ce mai kwadon kanta. Takardun sirrin da Edward Snowden ya fallasa a 2013 suka ƙarfafa zargin cewa NSA ce ta tsara abin, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa ta biya kamfanin RSA dala miliyan 10 don ya fifita shi a kayansa, a 2014 kuma NIST ta janye shi.

Ga tunanin da nake jinjina wa. Ɓarawo ya sha wahalar shiga har rumbun kamfani, inda zai iya rubuta duk abin da ya ga dama, kamfanin da kansa ya buga masa hatimi ya raba wa duniya, amma a wannan karon bai taɓa komai ba sai doguwar lambar nan, wato Q, da amsar gwajinta. Ma'ana Q ta ishe shi. In kuwa ta ishe shi, to ƙofar tana nan tun kafin ya zo, kwado kawai ya canza mata.

Sai dai akwai cikas. Tun 2013 Juniper ya amsa cewa ScreenOS na amfani da Dual EC, amma ya ce ba abin damuwa: Q ɗin nasa ne na kansa, kuma abin da injin ya fitar ba ya leƙa waje, ana zuba shi ne a wani injin ƙuri'a na biyu mai suna ANSI X9.31 wanda ke sake dama shi. In haka ne, bayit 30 ɗin nan ba za su taɓa bayyana ba, canza Q kuma wahalar banza ce. Weinmann ya karanta sashen, ya ga injin na biyu yana nan a rubuce kamar yadda aka faɗa. To ta ina ruwa ke yoyo?

Wani mai bincike, Willem Pinckaers, shi ya hango. Injin na biyu da zagaye yake aiki: a mayar da ƙirga sifili, a dama bayit takwas, a ƙara takwas a kan ƙirgar, a ci gaba har a kai 32. Tsakanin mayar da ƙirga sifili da fara zagayen, ana kiran sashen Dual EC ya kawo sabon iri. Abin da ido ke tsallakewa shi ne allon ƙirga ɗaya sassan biyu ke rubutu a kai, kuma ƙwarya ɗaya suke zuba sakamako. Sashen Dual EC in ya gama aikinsa yakan bar ƙirgar a kan 32. Zagayen ya zo ya duba allo, ya ga an riga an kai 32, ya ɗauka an gama, ya fita bai dama ko sau ɗaya ba. Abin da ke cikin ƙwaryar, wato ɗanyen sakamakon Dual EC, shi ake miƙawa waje. Kamar ɗan dako ne ya zo lodi ya tarar an rubuta buhu 32 a allo, ya rufe bayan mota ya ce wa direba Allah ya kiyaye hanya. Shekara bakwai injin na biyu yana zaune a cikin manhajar, a rubuce tsaf, bai taɓa juyawa ba.

Yawancinmu in muka ga tsarin da muka saba gani, ƙwaƙwalwa ce ke cike mana gurbi. Mun ga zagaye, mun san zagaye juyawa yake yi, sai mu wuce. Mai warware saƙa sai ya hori kansa ya yi tafiya irin ta inji, taki bayan taki, yana riƙe da ƙimar kowace ƙirga a kansa, ba ya kyautata wa ko layi ɗaya zato. Abin da aka so a rubuta ba ruwansa da shi, abin da aka rubuta yake karantawa. Wani abin da ya ƙara mini son mutanen nan shi ne a bainar jama'a suka yi aikin. Weinmann ya wallafa abin da ya gano tun bai kammala ba, Pinckaers ya nuna masa abin da ya kuɓuce masa, shi kuma ya koma ya gyara rubutunsa ya ambaci sunan wanda ya hango. Ba a cika samun gwani mai wannan hali ba a kowace sana'a.

Daga nan masu bincike goma suka haɗu, ciki har da Stephen Checkoway da Matthew Green da Nadia Heninger da Hovav Shacham da Weinmann ɗin kansa, suka tattaro tsofaffin sigogin ScreenOS suka bi su ɗaya bayan ɗaya don ganin yaushe kowane zare ya shigo. Abin da suka tarar ya fi na farko nauyi. Dual EC, da allon ƙirgar nan na tarayya, da sabunta iri a kowane kira, duk a siga ɗaya suka shigo, ta 6.2, a 2008. A wannan sigar ce kuma aka tsawaita wata lamba da na'urori ke aika wa juna a fili yayin gaisuwar buɗe VPN, daga bayit 20 zuwa 32. Da 20 mai sauraro ba zai ci komai ba. Da 32 kuwa ya sami 30 ɗin da yake buƙata, ga rarar biyu da zai tace canke 65,536 da su ya fitar da na gaskiya. Ba su tsaya a lissafin takarda ba. Suka sami NetScreen ta gaske, suka cire Q suka sa tasu wadda suka san sirrinta, suka naɗi zaman VPN guda ɗaya daga gefe ba tare da sun taɓa na'urar ba, suka kwance shi. Sun gabatar da cikakken aikin a wani taro a birnin Biyana a Oktoban 2016. Kafin nan, a farkon Janairun shekarar, Juniper ya sanar da cewa zai cire Dual EC daga ScreenOS gaba ɗaya, abin da facin Disamba bai yi ba.

Sana'ar tana da iyakarta, kuma masu ita sun san iyakar. Zare yana nuna abin da aka ɗinka da lokacin da aka ɗinka, ba ya nuna fuskar maɗinki ko abin da ke zuciyarsa. Masu binciken sun tsaya a kan abin da manhajar ta nuna, 'yan jarida suka ɗora daga nan. A 2021 kafar Bloomberg ta ruwaito cewa ma'aikatar tsaron Amurka ce ta nemi Juniper ya sa Dual EC, kuma binciken cikin gida ya danganta canjin Q na 2012 da wani gungun masu kutse mai alaƙa da ƙasar Sin da ake kira APT5. Kafin nan Reuters ta ruwaito cewa NSA ta gaya wa ofishin Sanata Ron Wyden an rubuta rahoton darussan da aka koya daga lamarin, da aka nemi a gani kuma ta ce ba ta same shi ba. Juniper da kansa ya faɗa tun ranar farko cewa babu hanyar gane ko an yi amfani da illar VPN ɗin a kan mutum, tunda mai sauraro daga gefe ba ya barin sawu. Wannan shi ya fi ci mini rai. Shekara uku bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati, har da na Amurkar, suna magana ta hanyar da suka biya kuɗi don ta zama sirri, kuma ba ranar da za su san me aka kwasa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk lokacin da na ji wani jami'i a wata ƙasa yana cewa a bar wa hukuma 'yar ƙofa a cikin kullen saƙo, ita kaɗai za ta riƙe mabuɗin, Q nake tunawa. Dual EC ita ce irin wannan ƙofa mafi kyawun ƙira da aka sani, wadda aka tsara ta yadda mai lamba ta uku kaɗai zai iya buɗewa, amma wani ya zo ya sauya kwadon, masu gida ba su farga ba sai bayan shekara uku. A 2024 an sake ganin makamancin haka, da aka gano gungun da ake kira Salt Typhoon a cikin kamfanonin sadarwa na Amurka irin su AT&T da Verizon, har ya kai ga tsarin da aka tanada don sauraron waya bisa umarnin kotu.

Mu ma abin ya shafe mu. Akwatunan da ke zauren bankunanmu da kamfanonin waya da ma'aikatu, daga Abuja har Yamai, duk sayo su ake yi daga waje, a rufe, mu jona mu yi fatan alheri. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa a hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa an gano kwamfutoci na tura bayanai Shanghai da tsakar dare, bayan wani ma'aikacin sashen kwamfuta ya lura layi na cika a lokacin da ofis ba kowa. Sin ta musanta. Abin da na riƙe a labarin shi ne mutumin da ya ga abu ya saɓa bai wuce ba.

Irin wannan ido muna da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga saurayi da ɗan ƙarfen narka dalma yana bin layin wuta a allon wayar da ba a taɓa ba shi taswirarta ba, ko yana yi mata fulashin, ya ga rabin sana'ar. Wanda ke fulashin, manhajar cikin na'ura yake juyawa a hannunsa kullum, abin da ya rage ya buɗe ta ya karanta. A da tsadar kayan aiki ce shinge, don IDA ba ta talaka ba ce. Tun 2019 akwai Ghidra kyauta, wadda NSA da kanta ta saki tare da rubutunta na asali, kowa na iya dubawa kafin ya yarda da ita. Bayan ita, abin da mai koyo ke buƙata shi ne 'yar kwamfuta, da sanin yaren C, da tsohuwar rautar da aka jefar a lungun shago. Ya sauko da manhajarta ta bara da ta bana daga shafin kamfanin, ya kwance ƙunshin, ya jera su, ya fara neman mai gwada kalmomi.